Yadda Unguwanni Za Su Haɗa Kai Su Rage Dogaro Da Rijiyar Burtsatse

Tun da na ba da labarin zaman da unguwarmu ta yi da maƙwabtanta uku a gefen Kano kan maganar ruwa, tambayar da ake ta aiko mini kusan ɗaya ce: ta ina ake farawa, wa ake gani, me ake saya, nawa ake kashewa? Ga amsar a jere, yadda muka bi ta, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Abin da ya tayar da mu ba wani babban tunani ba ne. A layinmu gida 22 ne, rijiyoyin burtsatse 14. Wata bazara maƙwabcina ya kira masu haƙa suka ƙara wa tasa zurfi. Ba a yi sati biyu ba tawa ta fara tari: ka kunna sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa, ruwa ya zo na minti goma, sai iska da jan laka. Na je in yi masa ƙorafi, sai na tarar shi ma ƙorafin yake yi da mai wankin motar da ke bakin titi. A nan muka gane ƙwaryar fura ɗaya ce, kowa da ludayinsa. Ƙasan Kano kuwa dutse ne, ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikinsa, ba kamar Maiduguri da ke zaune kan yashi mai kauri ba. Shi ya sa ƙarin zurfi sau da yawa ƙarin kuɗi ne kawai.

Abu ɗaya nake so a riƙe tun yanzu: ba rufe rijiyoyi za a yi ba. So ake rijiya ta tashi daga abincin yau da kullum ta koma rumbu. Kuma jerin matakan nan yana da muhimmanci. Wanda ya tsallaka zuwa sayen bututu kafin ya yi ƙidaya, zai binne kuɗin mutane a ƙasa.

1. Shata yanki, a kira waɗanda suka dace

Ruwan ƙasa bai san iyakar mai unguwa ba, bai san ta ƙaramar hukuma ba. Ku duba inda ruwan sama yake gangarawa in an yi mamako, da inda babban bututun hukumar ruwa ya fi kusa, sai ku haɗa unguwannin da suke kan gangare ɗaya. Uku zuwa biyar sun isa a fara. In sun fi haka, taro zai koma wurin jawabi.

A fara da dagaci da masu unguwanni da limamai, wannan kowa ya sani. Waɗanda ake mantawa su ne masu jan ruwa da yawa: masu fiya wata, masu buga bulo, gidajen wanka da bahaya, masu wankin mota, makarantun kwana, da masu sayar wa 'yan garuwa. Sai mata. Su ne suka san ranar da ruwa ya canja ɗanɗano da awar da famfo ke ɗaukewa. In al'adar wuri ba ta ba su damar zama da maza ba, a yi musu nasu zaman a Islamiyya, a ba wakilansu kujera a kwamiti.

Hattara: kada a sa ɗan takara ko yaron ɗan takara ya shugabanci kwamiti. Ranar da aka ce ruwan na jam'iyya kaza ne, rabin unguwa sun fita.

Kuɗin wannan mataki: shayi, takarda, da katin waya. Rajistar ƙungiya ta biyo baya, amma kada a karɓi kobon kowa kafin a yi ta a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku daga unguwanni daban-daban.

2. Ƙidayar rijiyoyi

Matasa biyu ga kowane layi, littafi ɗaya, waya mai nuna taswira. A kowace rijiya a rubuta: wurin da take, shekarar da aka haƙa, zurfinta in mai ita ya sani, irin injin da ke ciki, awa nawa ake kunnawa, gida nawa take shayarwa, ko ana sayar da ruwanta, ko tana ƙafewa da bazara, da tazararta da masai mafi kusa. A haɗa da rijiyoyin guga da matattun burtsatse da aka bari. Matattun nan za su yi amfani nan gaba.

Ƙarfin rijiya ana gane shi da jarka da agogo. In jarka mai lita 25 ta cika cikin daƙiƙa 25, rijiyar tana ba da lita ɗaya a daƙiƙa, wato lita 3,600 a awa. A gwada bayan injin ya yi aƙalla rabin awa yana aiki, domin farkon kunnawa kowace rijiya jaruma ce.

Hattara: mutane za su zaci haraji za a ɗora musu. Mu ma mun sha wannan. Wani dattijo ya tare yaranmu a ƙofar gida ya ce, "Ku je ku ce wa wanda ya aiko ku rijiyata da kuɗin fanshona na haƙa." Sai da mai unguwa ya tako da kansa ya ce, "Baba, ni ma an rubuta tawa, ga shafin." Sa'an nan ya buɗe. Don haka a sanar a masallaci tukuna, kuma shugabanni su fara ba da nasu bayanan.

3. Auna zurfin ruwa, wata bayan wata

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane araha, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba tare da shi ba, duk maganar da za ku yi a ofis zato ce.

A zaɓi rijiyoyi biyar zuwa takwas a warwatse: ta tudu, ta kwari, ta kusa da masu jan ruwa da yawa, ta nesa da su. Matattun da ba injin a ciki sun fi daɗin aunawa. Akwai na'urar da ake zurawa ta yi ƙara in ta taɓa ruwa, in kuna da hali ku sayi ɗaya ta zama ta kwamiti. In babu, tef ɗin awo na fiba mai tsawon mita 50 ko 100 ya isa. A ɗaura masa guntun bututun ƙarfe da aka toshe samansa, bakinsa yana kallon ƙasa. In ya bugi ruwa za ka ji "fot" a kunnenka. A ɗaga a sake sau uku, a karanta.

Ƙa'idojin awon huɗu ne, kuma in aka karya ɗaya lissafin ya lalace. A auna da asuba kafin a fara kunna injuna. A auna daga alama ɗaya da aka yi da fenti a bakin rijiya. A auna rana ɗaya a kowane wata. Mutum ɗaya ya riƙa yi, da mataimaki ɗaya da zai gaje shi in ya yi tafiya.

Hattara: kada a zura tef cikin rijiyar da sumo ke ciki haka kawai, zai naɗe da waya, ka jawo wa mai gida kuɗin ciro injin. In dole sai ita, mai gyara ya saka siririn bututun roba na inci ɗaya a gefe, ta cikinsa za a riƙa zurawa. Kuma a wanke tef da ruwan kulorin kafin a tashi daga wata rijiya zuwa wata.

Ruwa zai sauka daga Nuwamba har Mayu, ya hau daga Yuli zuwa Oktoba. Wannan ba abin tsoro ba ne, numfashin ƙasa ne. Abin dubawa shi ne Oktoban bana da Oktoban baɗi. In damina ta wuce ruwan bai dawo inda yake bara ba, uwar kuɗi kuke ci, ba riba ba.

A wannan lokacin ne kuma za a kai ruwan rijiyoyi kaɗan ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa, sau ɗaya da rani, sau ɗaya tsakiyar damina. A nemi a duba ƙwayoyin cutar bayan gida da sinadarin naitiret. In kuna kusa da majemu ko masana'antu, kamar yankin Sharaɗa da Challawa da Bompai, a ƙara da gwajin ƙarafa masu guba.

4. Lissafin buƙata

Lita 50 ga mutum ɗaya a rana, jarka biyu kenan, awo ne mai kyau na sha da girki da wanka da wanki. Ƙasa da lita 20 kuwa an shiga ƙunci. Yanki mai mutum 10,000 yana buƙatar lita 500,000 a rana, jarka 20,000. A ɗora na masu sana'a a kai, daga abin da ƙidaya ta nuna.

Sai a dubi gaba. Ku ƙirga filayen da aka yanka ba a gina ba da kangayen da suka kai linta, domin su ne jama'ar gobe. Unguwar da ke ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari a shekara za ta ninka cikin kimanin shekara 14. Bututun da za ku binne yau, da jama'ar wancan lokacin za a auna shi.

5. Gano abin da kuke kashewa yanzu

Mutane suna cewa ba su da kuɗin haɗa ruwa, alhali kullum suna biya, a gutsure ne kawai ba sa gani. A ce jarka naira 100 ce a wurinku, ku sa farashinku na gaskiya a madadin wannan. Gida mai mutum goma da ke shan jarka 20 yana kashe 2,000 a rana, 60,000 a wata. Lita dubu ɗaya jarka 40 ce, ta tashi a 4,000 kenan. Wannan adadi na lita dubu shi za ku riƙa gwada kowace shawara da shi.

Mai rijiya ma ba kyauta yake sha ba. Ya tara kuɗin mai ko wuta na wata, kuɗin gyara na shekara, kuɗin sumon da ke ƙonewa in ruwa ya ja baya, da kuɗin haƙar da ya yi a raba shi a kan shekarun da rijiyar za ta yi. Kuma duk mitar da ruwa ya ƙara nisa, injin ƙarin wuta yake ci don ya ɗago lita ɗin da ya saba. Ranar da muka rubuta waɗannan a allo, Alhajin da ya fi kowa musu shi ya fara yin shiru.

6. Toshe ɓarna kafin a nemi ƙari

Tankin da ke ambaliya shi ne ɓarawo na farko. Injin da ke ba da lita ɗaya a daƙiƙa, in aka manta shi minti goma bayan tanki ya cika, lita 600 ta tafi kwata, jarka 24. A sa wa kowane tanki makunnin nan mai balan-balan da ke kashe injin da kansa. Masu sola su suka fi buƙatarsa, domin tunda rana kyauta ce ba wanda ke tashi ya kashe.

Ruwan alwala na masallatai a tara shi a kai wa itatuwa ko masu bulo. Masu wankin mota su koma bokiti ko injin feshi maimakon sakin tiyo. Kawunan famfo da suka mutu a canja. Duk wannan bai kai kuɗin haƙa rijiya ɗaya ba, kuma shi ne abin da zai fara sa mutane su yarda kwamitin ba na surutu ba ne.

7. Nemo ruwan da zai maye gurbi

Nan aikin yake, nan kuma kuɗin yake.

Hanya ta farko ruwan kogi da dam, ta hannun hukumar ruwa ta jiha. Kano ba matalauciyar ruwan kogi ba ce. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 yana sako ruwa a Kogin Kano, daga nan matatar Tamburawa take ɗiba, wadda aka gina sabon ɓangarenta don tace lita miliyan 150 a rana. Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, na 1992, yana ciyar da Kogin Challawa. Akwai kuma matatar Watari ta wajen Bagwai. Manyan dam ɗin biyu suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, tacewa da rabawa kuma aikin jiha ne. Sanin wannan zai hana ku kai takarda ofishin da ba nasa ba.

Kada ku je kuna roƙon a kawo muku ruwa, masu wannan roƙon sun cika layi. Ku je da taswira, da littafin awo, da lissafin buƙata, da tayi: a ba mu ruwa a wuri ɗaya, a sa babbar mitar auna ruwa, mu biya a dunƙule kowane wata, rabawa cikin unguwa namu ne. Hukumar da ke wahalar bin gida-gida karɓar kuɗi tana sauraron mai irin wannan magana.

Tambayoyin da za ku yi wa injiniyansu: ina babban bututu mafi kusa, inci nawa ne, awa nawa ruwa ke zuwa cikinsa a sati, da wane ƙarfi? Kada ku tsaya a amsar ofis. Ku je ku zauna da masu shago da ke kan layin, su za su gaya muku gaskiyar ranar da suka ga ruwa na ƙarshe.

Girman bututu lissafi ne. In yankin mai mutum 10,000 zai samu duk ruwansa cikin awa 8, ana buƙatar kimanin lita 17 a daƙiƙa, bututun inci 6 kenan. In kashi 30 cikin ɗari za a fara da shi, inci 4 zai ɗauka. Ni dai shawarata a binne babban tun farko, domin haƙa rami da fasa kwalta sau biyu ya fi bambancin kuɗin bututun. A ƙarshensa a gina tankin ƙasa da zai riƙe ruwan kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan sola ta ɗaga shi zuwa tankin sama, ya gangara wuraren ɗiba. A fara da wuraren ɗiba na jama'a masu mita, shiga gida-gida ya zo daga baya.

Kuɗin da za a nema a rubuce daga 'yan kwangila uku: awon ƙasa da zane, bututu da mahaɗansa, haƙa da cikewa, izinin tsallaka titi, tankuna biyu, injin da faranten sola, mitoci, da katanga da mai gadi. A ɗora kashi 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba. A biya kashi-kashi, kuma a riƙe wani abu sai an cika bututu da ruwa an ga ba ya yoyo kafin a rufe rami. Mu wani ɗan kwangila ya kawo mana samfurin bututu mai kauri, ranar aiki ya sauke mai laushi kamar na wayar wuta. Wani tsohon mai gyaran famfo a kwamitinmu ne ya taka shi da ƙafa ya ce, "Malam, wannan ko ruwan buta ba zai riƙe ba." Ku samu irin wannan mutum, ku ba shi kujera kusa da rami.

Hattara: kada kowa ya jona injin kai tsaye a bututun hukuma yana zuƙa. Yana kashe ƙarfin ruwa ga na gaba, kuma yana jawo ruwan kwata ta wuraren da bututu ya tsage. Kada kuma a haɗa bututun rijiya da na hukuma a layi ɗaya, kowanne ya zuba a tanki ta sama. Ruwan da ya kwana a tanki a riƙa duba kulorin ɗinsa, a wurin ɗiba ya kasance tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita.

Wani abin kuma, ruwan kogin nan ba na Kano kaɗai ba ne. Abin da ya wuce Wudil shi manoman Haɗeja da masuntan Nguru da mutanen Gashuwa suke jira, ga ciyawar kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa. Saboda haka ne gwamnonin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato suka zauna a Damaturu a 2006 suka kafa asusun haɗin gwiwa na kula da ruwan kogunan wannan yanki. Ɗiban ruwan gida daga kogi ba ya buƙatar izini, amma kafa injin ɗiba mai yawa yana buƙata. Kada ƙungiya ta je ta dasa nata a bakin kogi ba takarda.

Hanya ta biyu ruwan sama. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, a shekarar da aka samu milimita 800, zai zubo da lita 80,000. A cire kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da wankin rufi, saura 64,000. Gida mai mutum goma zai sha wannan kwana 128. Amma kada lissafin ya ruɗe ku: tankin lita 5,000 kwana goma kawai zai yi wa gidan. Ruwan sama ba zai raka ku bazara ba sai da katafaren tanki. Amfaninsa na gaskiya shi ne ya ba rijiya hutun wata uku zuwa huɗu, daidai lokacin da ƙasa ke sha. A fara da makarantu da masallatan Juma'a masu faɗin rufi. A sa indararo mai raga, a zubar da ruwan farkon damina gaba ɗaya saboda ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye, sa'an nan a kowane ruwa a bar lita ɗaya zuwa biyu na kowane murabba'in mita su wuce kafin a buɗe wa tanki. Tanki ya zama a rufe ruf saboda sauro. Na sha a tafasa ko a sa kulorin.

8. A bar ƙasa ta sha

Mun shafe tsakar gidajenmu da siminti da tayil, mun cike kududdufai mun yi shaguna, sa'an nan muna mamakin ruwa ya yi nisa da rani kuma ya ci gidaje da damina. Duk kududdufin da ya rage a yankinku, kwamiti ya nemi dagaci da ƙaramar hukuma su sa hannu a hana cike shi da zuba masa shara, a kewaye shi saboda yara.

A gida, rarar tankin ruwan sama ta shiga rami mai zurfin mita biyu da aka cika da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a tsakiya, yashi a sama. Yashin ana kwashe shi a canja kafin kowace damina.

Hattara: ruwan rufi kaɗai ake sa wa wannan rami, ban da na kwata, ban da na wanki. Ya yi nesa da harsashin gini da aƙalla mita uku, ya yi nesa da masai. Kada kuma a zuba ruwan sama kai tsaye cikin burtsatse ba tacewa, unguwa guda za ka gurɓata wa ruwa.

9. Rubuta yarjejeniya

Shafi uku sun isa, da Hausa, a karanta a bainar jama'a. Abin da za ta ƙunsa: kason da za a rage da shekarar da za a kai, farashin lita dubu, yadda za a raba ruwa ranar da ya yi ƙaranci, sharaɗin haƙa sabuwar rijiya, da wanda zai raba gardama.

A sa ragin a hawa-hawa. Yankin Houston a jihar Texas ta Amurka, inda ƙasa ta riƙa nutsewa saboda jan ruwa, sun kafa hukuma kan wannan tun 1975, kuma ga unguwannin arewa da yammacin birnin sun sa kashi 30 cikin ɗari na ruwa ya koma na kogi da tafki a 2010, kashi 60 a 2025, kashi 80 a 2035. Masu kuɗi da injiniyoyi ke nan, shekara 25 suka ɗiba tsakanin hawan farko da na uku. Ku da ke tara kuɗi a masallaci kada ku yi alkawarin rabi cikin shekara ɗaya.

Farashi ya ɗauki abu biyar: kuɗin hukumar ruwa, albashin masu kula, kulorin da ƙananan gyare-gyare, ruwan da zai ɓace a hanya, da ajiyar canja injin. Na biyar ɗin shi ake jin nauyin sakawa, kuma rashinsa ne ya kashe yawancin famfunan da kuke gani a tsaye ba ruwa. Masu sana'a su biya sama da na gida. Marayu da gajiyayyu a ware musu jarka kaza a rana, a rubuta, kada a bar shi ga tausayin mai riƙe da makulli.

Sabuwar rijiya kuwa, kwamiti ba shi da ikon hana mutum haƙa a gidansa, kada ku yi wa kanku ƙarya. Abin da zai yiwu shi ne a sa ya zama mai son haƙawa ya fara zuwa a nuna masa littafin awo, a yi masa tayin shiga layi a kuɗin da bai kai na haƙa ba. In ya dage, a roƙe shi tazarar mita 30 daga masai, da toshe wuyan rijiyar da siminti. In ana son doka mai haƙori, sai an bi ta kansila zuwa ƙaramar hukuma.

10. 'Yan garuwa da masu sayar da ruwa

Waɗannan abincinsu kuke taɓawa, kuma da su unguwa ta rayu shekarun da ba kowa. In kun bar su a waje, za ku wayi gari an fasa bututu ba ku san wanda ya yi ba. 'Yan garuwa su riƙa ɗiba a wuraren kwamiti a farashin sari, su ci gaba da kai wa gidajen da layi bai kai ba. Masu rijiyoyin kasuwa da gwaji ya nuna ruwansu mai kyau ne, a ɗauke su haya su zama rumbun ƙungiya: a sa musu mita, a biya su ladan ajiya ko ba a kunna ba, a biya su na lita in an kunna.

11. Hutar da rijiyoyi, a toshe matattu

Sai ruwan madadin ya yi wata shida yana zuwa, har ya ratsa bazara ɗaya, sa'an nan a fara rage jan rijiyoyi. Kada a saki reshe a kama ganye. A fara da waɗanda suka cunkushe wuri ɗaya da waɗanda gwaji ya kama da ƙazanta. Na ajiya a riƙa kunna su rabin awa kowane sati biyu don kada injin ya ci tsatsa ya ƙi tashi ranar da famfo ya ɗauke, domin zai ɗauke.

Matacciyar rijiya ba a barin ta da buhu a baki, hanya ce da ƙazanta ke bi ta sauka kai tsaye. A ware biyu ko uku na awo a yi musu murfin ƙarfe da kwaɗo. Sauran a ciro abin da ke ciki, a cika da tsakuwa mai tsabta, sashen sama na ramin kuma a zuba kwaɓaɓɓen siminti har baki.

Kowane Oktoba a kira taro. Ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, mai awo ya rubuta zurfin bana kusa da na bara a allo, rijiya bayan rijiya. In ruwa ya tsaya ko ya hau, a ci gaba da jadawali. In har yanzu sauka yake, a koma littafin mataki na biyu a sake bin layi-layi, domin galibi za a tarar an haƙa sababbi a bayan katanga, ko wani gidan bulo ya buɗe da ba ya cikin lissafi.